Yatsa Zuwa Hanci

Shekara talatin da biyu Bappa Gidado
yana zaune a bakin Tsohuwar Kasuwar Gombe,
gilashi maƙale a idon dama,
yana ɗaukar kusar da ba ta kai ƙwayar gero ba
ya zaunar da ita a gurbinta, ko numfashi ba ya ja.
Agogon direbobin Dukku, agogon malaman firamare,
duk a tafinsa suka koyi faɗin gaskiya.

Abin ya fara da kusa guda.
Ta faɗi, ya ce laifin haske ne.
Washegari uku suka faɗi.

Sai ƙafafu.
In zai tafi sai ya ware su,
kamar mai tsallake kwatar da shi kaɗai ke gani.
Ya nufi ƙofar masallaci, kafaɗa ta sami bango.
Samarin Jekadafari suka ce ya fara sha,
mutumin da ko goro sai an matsa masa!
Inna Dudu ta ce jifa ne, ta sayar da tunkiya,
aka yi ta hayaƙi har labule ya sauya kamanni.

Harshe ma ya bi sahu.
Sallama yake yankawa gaɓa-gaɓa,
wata ta fito da ƙarfi, wata ta nutse a maƙoshi.

A asibitin koyarwa, Dakta Rifkatu 'yar Kaltungo
ba ta fara da allura ba.
Yatsa ta ɗaga: "Baba, taɓa nan, ka koma ka taɓa hancinka."
Hannu ya taso lafiya lau,
sai da ya kusa isa ya kama rawa,
ya zarce, ya dangwali kunci.
Ta ce ya juya tafi a cinya, ciki da bai, da sauri,
sai ka ce mai fama da wainar da ta kama tanda.
Diddige a kan ƙwauri, ya sulluɓe.
Ta ja biro gefe, idanunsa suka bi suna fizga
irin ta hannun agogon da batir ya yi wa sanyi,
yana harbawa wuri ɗaya, ba ya gaba.

Ta dafa ƙeyarta.
"Akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa a nan, ƙarƙashin babbar.
Ba ita ke ba da ƙarfi ba, ƙarfinka na nan.
Ita ke auna nisa, ta ce wa hannu tsaya, ka iso."
Bappa ya murmusa: "A-she sai-ti ne ya kwan-ce."

Na tambayi abin da ke kwance shi.
Ta ce jijiya kan toshe ko ta fashe,
ƙari kan tsiro, giyar shekaru kan cinye wurin,
har maganin farfaɗiya in ya wuce kima.
Yaro ma kan yi bayan ƙarambau, shi yakan warware.
Hoton kai ya fito, ba ƙari, ba jini,
wurin ne kawai ya motse kamar busasshen goro.
Ta rufe fayil, ta sassauta murya:
"A gidanku akwai wanda ya taɓa irin wannan tafiyar?"

Inna Dudu ta dubi ƙasa.
Ni kuwa na tuna kakana Hammari
da aka ce iska ta buge a hanyar Bajoga,
ya ƙare kwanansa yana dafa garu.
Na tuna Goggo Adda da kwanon da ba ya kai bakinta a cike.

Yanzu Talata-Talata muna zuwa motsa gaɓoɓi,
an ba shi ƙarfe mai ƙafa huɗu, ya raɗa masa suna Jaki.
Ni ke zaune a teburin, gilashin a idona.
Shi yakan kara agogo a kunne, ya lumshe ido,
ya faɗa mini inda ciwon yake, bai taɓa kuskure ba.

Da dare, in gida ya yi shiru,
nakan miƙa hannu can nesa cikin duhu
in dawo da yatsa a hankali.
Yau ma ya sauka a kan hanci.
Na sake yi sau biyu kafin in kwanta.